Kande da Kaftanin Baba Emeka

Fagge, bayan sallar asuba

Ranar Asabar, ana sallame sallar asuba, Kaka ya turo babur ɗinsa Kande daga zaure ya kafe ta a ƙofar gida, ya aika a taso ni. Motar da za ta ɗauki Baba Emeka zuwa garinsu sai bayan la'asar za ta tashi daga Sabon Gari, mu kuwa a Fagge muke. Mai tafiya a ƙafa zai iya zuwa ya dawo rana ba ta yi zafi ba. Abba ya faɗa wa Kaka haka, Kaka ya ce shi ya san hanyarsa, kuma ma mun makara.

Da aka dawo daga hutu 'yan ajinmu kowacce ta miƙe ta ba da labarin inda ta je, wata Zariya, wata Abuja. Ni ban ce komai ba, don magana a gaban mutane wuya take min, shi ya sa a gida ake kira na Hajiya Shiru. To ga tawa tafiyar a rubuce.

Kande Basfa ce, kuma ta girmi Abba. An ce a da shuɗiya ce, yanzu launinta ya koma na tsohon bokiti. Madubinta ɗaya, ɗaure da zaren ɗinki. Hon ɗinta kamar agwagwa mai mura. Safayar tayar da ke bayanta sanye take da rigar shadda da Kaka ya ɗinka mata, har da aiki a wuya. Kaka kuwa, wato Alhaji Inuwa, tela ne, kuma da wuya ka sami gida a Fagge da ba a taɓa sa ɗinkinsa ba.

Baba Emeka kayan gyaran babur yake sayarwa a Sabon Gari, shi ne ya riƙe ran Kande duk shekarun nan. Yanzu ya tsufa, 'ya'yansa sun ce ya koma gida Kudu ya huta, ba kuma zai dawo ba. Tun lokacin da aka haifi ɗansa Emeka ya kawo wa Kaka yadi ruwan toka, ya ce a ɗinka masa kaftanin da zai sa ranar da za a kai jaririn coci. Kaka ya auna shi, ya yanka, ya ce ya dawo gobe. Yau Emeka 'ya'yansa uku. Tun daga nan Baba Emeka ba ya kiran Kaka da wani suna sai Alhaji Gobe. A satin nan Kaka ya zaro yadin daga ƙasan akwati ya haɗa shi, saura maɓallai kawai.

"In motar nan ta tashi babu kaftanin nan a cikinta," in ji Kaka, "da wannan sunan za a binne ni."

Aikina shi ne riƙe kaftanin, don akwatin Kande cike yake da sifanu da fulogai da tsohon buroshin haƙori. Umma ta kifa min hular kwano a kan hijabi. Warin goro take yi, saboda a cikinta Kaka yake ajiye goronsa.

Tayar da Kande yana da ƙa'ida. Da farko Kaka zai murɗa ɗan mariƙin da ke ƙasan kujera, wanda ake buɗe mai da shi. Sai ya kwantar da ita gefe kamar za a yi mata allura, ya jira ta sha mai, ya ɗago ta, ya yi bismillah, ya buga kik. Ba ta taɓa tashi a bugun farko ba. Kaka ya ce babu mai mutuncin da ake kira sau ɗaya ya amsa. Da ta tashi ta cika layi da hayaƙi, na hau na zauna a kaikaice, Umma ta yi mana addu'a, muka ɗau hanya.

Layinmu

Gida uku muka wuce Kaka ya taka birki ya kashe inji, don ya ga mai shayi yana hura wuta. A nan na gane dalilin sammakon. Kaka ba ya wuce wanda ya sani bai gaisa ba, kuma ba ya gaisawa inji yana kuka, ya ce kamar mutum ya yi magana da tuwo a baki ne. Gaisuwar tasa kuma ba ta ɗaga hannu ba ce. Sai ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da jikin tsohuwa, da haƙuri da rashin wuta. In an gama sai ya kama bakin hannun rigar mutum ya juya shi ya duba ɗinkin ciki, ya tambayi wanda ya ɗinka. Ko wa aka ambata, sai ya ce Allah ya shirye shi. Bayan haka sai na sauka, a kwantar da Kande, a jira, a ɗago, a buga.

Bayan mai shayi sai ladan, bayan ladan sai mai wanki. A kan kwana muka yi karin kumallo wajen Iya Rashida, Bayarbiyar da ke koko da ƙosai tun Abba yana yaro. Tana ganin ledar da ke hannuna ta ajiye matsami ta kama haɓa.

"Alhaji, yau gobe ta yi ke nan?"

Kaka ya ce ta zuba koko ta daina shiga sha'anin maza. Ta ƙara min ƙosai biyu, ta ce in ci ko bakina zai buɗe. Da ta ji Baba Emeka tafiyar ke nan, sai ta ce matarsa ce ta zauna da ita a asibiti lokacin haihuwar Rashida. Ta shiga gida ta fito da jan zakara ɗaure da ƙafa, ta ce a kai musu guzuri. Kaka ya ajiye shi a dandamalin Kande, tsakanin ƙafafunsa. Daga nan duk sanda Kaka ya danna hon sai zakaran ya amsa, Kaka kuma ya riƙa yi masa magana a hanya.

Muna nan Abba ya zo wucewa da ƙafa zai tafi shagonsa. Ya dube mu, ya waiwaya ya dubi ƙofar gidanmu da har yanzu ake hangowa, ya ce Allah ya kiyaye hanya, in mun sauka lafiya mu bugo waya.

Layin teloli da bakin Kwari

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga layin teloli. Nan ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar, don kusan kowane shago akwai wanda Kaka ya koya wa aiki. Suna jin kukan Kande sai kekuna suka tsaya, suka riƙa fitowa da tef a wuya suna durƙusawa. A nan Kaka bai ma wahalar da kansa da tayar da ita ba, tura ta ya riƙa yi daga shago zuwa shago, ni ina bin sa da kaftani. Wani mai suna Ɗanjuma ya ce kaftani babu hula ai tsiraici ne, ya ɗauko sabuwar hula ya ɗora min a kan ledar. Wani ya kawo kilishi a takarda.

Maɓallai muka je nema a bakin kasuwar Kwari. Duk wanda aka nuna wa Kaka sai ya ce ya cika ƙyalli, wannan na samarin da ke ɗaukar kansu hoto ne. Shi maɓallin da ya yi sa'a da yadin yake so. A ƙarshe wani tsoho ya zazzage masa gwangwanin madara a kan faranti, Kaka ya tsinci guda huɗu, uku iri ɗaya, ɗaya ya ɗan fi duhu. Ya ce wannan zai sa a ƙasa, inda Baba Emeka ba ya gani saboda tumbi.

A kan bencin tsohon ya zauna ɗinkawa. Ya miƙo min allura da zare ya ce in zura, wai yana so ya ga ko makarantar bokon tana da amfani. Na lura tun bara haka yake cewa duk sanda zai zura allura. Na zura na miƙa masa.

Shinge

Tsakanin Kwari da Singa wani ma'aikacin kula da hanya ya ɗaga mana hannu. Kaka ya ɗauka gaisuwa ce, ya kashe inji ya fara tambayarsa kwana. Ma'aikacin ya amsa har zuwa jikin tsohuwa, sannan ya tuna da aikinsa ya ce a nuna takardu. Kaka ya sauke ni, ya ɗaga kujera, ya ciro leda a cikin leda a cikin leda. Ma'aikacin bai ko buɗe ba. Ashe babansa ya taɓa yin irinta, a gabanta yake tsayawa yana riƙe da madubi in za a kai shi makaranta, hoto kawai yake so ya yi da ita.

Ni na ɗauki hoton da wayarsa. Ina ɗauka Kaka yana kallon ƙafarsa, don ƙafar wandon ta yi masa tsawo, ya naɗe ta ya soke da fil. Kaka ya ce ba zai iya barin ɗan mutane a kan titi a haka ba. Ya sa shi ya ɗora ƙafa a kan safayar Kande, ya sake gwada amfanin bokona, ya hau kalmasa. Haka ma'aikacin ya ci gaba da ba da hannu a kan ƙafa ɗaya, yana tsai da wannan yana sakin wancan, zakara yana saran igiyar takalminsa. Da aka gama ƙafar dama sai ya ga ta fi kyau, ya ɗora ta hagu da kansa. Da za mu tafi shi ya kwantar mana da Kande, ya kuma tare motoci har muka wuce.

Singa, masaukinmu

A kasuwar Singa muka tarar da cinkoso, manyan motoci suna sauke kaya, 'yan dako suna ratsawa da katan-katan a ka suna cewa a ba da hanya. Kande ba ta son tsayuwa a rana. Ta fara tari, ƙafata ta fara jin zafin inji, Kaka ya ce ta gaji, dole a yi zango. Muka sauka a shagon Alhaji Bala mai kayan masarufi, wanda Kaka ya ɗinka wa kayan angonci. Masaukin ba laifi. An ba ni buhun sukari na zauna, zakara aka ɗaure shi a inuwar kurar ɗaukar kaya, Kande aka rufa mata kwali. Bayan sallar azahar aka kawo gurasa bandashe da ruwan leda mai sanyi. Gurasar ta ji ƙuli da albasa, yajin ya ɗan yi yawa, amma ban faɗa ba.

Alhaji Bala ya tambayi Kaka me ya sa ba zai haƙura ya riƙa shiga adaidaita kamar kowa ba. Kaka ya ce Basfa abin hawan mai riga ne. Ba a ɗaga ƙafa a tsallaka ta kamar ɓarawo a katanga, shiga ake yi a zauna kamar a zaure, babbar riga ba ta kama sarƙa, hula ba ta tashi. Ya ce a da in aka yi ɗaurin aure a Fagge, sai ka ga irinta a jere a ƙofar gida, ta malamin makaranta, ta akawu, ta tela, kowa ya san kukan tasa. Ya fara lissafa masu su da yatsu, kowane suna Alhaji Bala ya ce Allah ya ji ƙansa, har Kaka ya daina lissafin.

"Yanzu kowa gudu yake," in ji shi. "Ka tambaye shi ina za shi, ya ce sauri yake. To ni ban taɓa jin garin da ake kira Sauri ba."

Ya ce Kande ba ta taɓa wuce mutum da gudun da zai kasa gane fuskarsa ba, shi ya sa bai taɓa rasa wanda zai tura shi ba. Sai kuma ya ce bai san wanda zai riƙa nemo mata fulogi ba bayan yau. Daga faɗin haka ya jingina da katan ɗin sabulu, hula ta zamo masa a goshi, barci ya ɗauke shi.

Na zauna ina kallon inuwar kura tana matsawa. Na san ya kamata in tashe shi. Na yi gyaran murya bai ji ba. Na taɓa hannun rigarsa da ɗan yatsa, bai motsa ba. Sai na je na danna hon ɗin Kande, zakara ya amsa, Kaka ya zabura yana tambayar ko motar ta tashi. Alhaji Bala ya ɗaura mana katan ɗin taliya a kan safaya, ya ce a gaya wa Baba Emeka ya yafe masa duk abin da ya yi masa.

Bata

A ƙarƙashin gadar Bata Kande ta mutu da kanta, ba don gaisuwa ba. Kaka ya kwance fulogi, ya hura, ya goge da buroshin haƙori, ya ɗaga shi sama ya leƙa kamar mai duban wata. Wani mai adaidaita ya rage gudu ya leƙo ya ce, Baba, wannan ai sai gidan tarihi. Kaka bai ɗago ba ya ce masa wataƙila ita ta kai gyatumarsa awo lokacin da take da cikinsa. Fasinjojin suka kwashe da dariya, mai adaidaita ya ja ya tafi.

Kafin ta tashi aka kira la'asar. Muka yi salla a nan, Kaka ya yi addu'a gajera ƙwarai, abin da ban taɓa gani ba. Da muka hau na ji bayansa ya jiƙe da gumi, kuma ya daina yi wa zakara magana.

Sabon Gari

Shagon Baba Emeka a rufe muka same shi, da kwado biyu. An cire allon sunan, sai inda fentin bango ya fi haske. Maƙwabciyarsa mai sayar da robobi ta ce ai sun jima da tafiya tasha, Baba ya zauna a kan kujera a ƙofar shago tun safe yana kallon hanya, sai da Emeka ya ɗaga shi. Ta ce in muka yi sauri ko ma same su.

Kaka ya dubi titin da zai kai mu tasha. Ni ma na duba. Ga mai gyaran rediyo ya riga ya miƙe yana murmushi, ga mai kemis yana ɗaga hannu, ga wasu dattawa uku a kan benci suna gyara zama don a sami wurin Kaka. Duk abokan Baba Emeka ne, duk sun san Kande. Kaka ya cire hula ya share kai ya mayar. Ya ce bai taɓa wuce mutanen nan ba, in ya wuce su yau za su ce girman kai ya same shi da tsufa, in kuma ya tsaya motar ta tafi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa shi ya tuƙa, ni zan gaisa.

Ya juyo ya dube ni kamar zakaran ne ya yi magana. Sai ya kwantar da Kande, ya ɗago, ya buga, muka tafi.

Na farko muryata ba ta fita ba, mai rediyo bai ji komai ba sai ganin bakina yana motsi. Na biyu na rufe ido na ɗaga murya: "Alhaji yana gaisuwa, sai mun dawo!" Mai kemis ya amsa. Daga nan abin ya zo da sauƙi, don hular kwano ta rufe min rabin fuska. Na gai da dattawan benci, na gai da mai lemo, na gai da wata mata da ke fitowa daga coci da tsintsiya, na gai da mutanen da daga baya Kaka ya ce shi ma bai san su ba. Kaka yana danna hon, zakara yana amsawa, katan ɗin taliya yana dukan bayana, kowa ina ce masa sai mun dawo.

Tasha

Muna shan kwanar ƙarshe muka hango doguwar motar ta riga ta sako kai a bakin ƙofar tasha, yaran mota suna buga mata gefe. A nan na ga hannun Kaka ya sauka ƙasan kujera ya murɗe mariƙin mai. Kande ta ci gaba da tafiya da ɗan abin da ya rage a maƙogwaronta, ta yi tari biyu, ta mutu daidai gaban hancin motar.

Direba ya danna hon mai ƙarfi har zakara ya kasa amsawa. Kaka ya ɗaga masa hannu ya ba shi haƙuri, ya ce tsohuwa ce. Ya kwantar da ita, ya ɗago, ya buga, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Yaran mota suka zo za su ɗauke ta, Kaka ya ce duk wanda ya taɓa ta ya saya. Ana cikin haka ƙofar motar ta buɗe, wani dogon tsoho mai furfura ya sauko a hankali yana riƙe da ƙarfe.

"Alhaji Gobe," in ji shi, da Hausarsa ta Kano tsaf. "Ko a lahira kai ne za ka zo bayan an tashi."

"Ka ji mutumin da ya kasa jiran ɗinki," in ji Kaka. "Safiya, ba shi kayansa."

Na miƙa masa da hannu biyu. Baba Emeka ya zaro kaftanin ya warware, ya daɗe yana kallon yadin. Ya ce ya ɗauka tuni an yi wa Kande riga da shi. Matarsa ta leƙo ta taga ta ce ya sa mana a gani. Ya cire kwat ɗinsa ya ba ni, ya zura kaftanin a kan singileti a tsakiyar titi. Ni dai tsoro nake kada ya ƙi shigarsa, don awon na saurayi ne, kuma duk hotunan Baba Emeka da na sani da ƙaton tumbi yake. Amma tsufa ya riga ya kwashe tumbin. Kaftanin ya zauna masa ɗas, kafaɗa da hannu da tsawo, har maɓallin nan mai duhu ya shiga ba gardama.

Kaka ya zagaya shi, ya ja nan ya ja can, ya ciji wani zare da ya leƙo.

"Ka gani? Da na ba ka tun lokacin, da tuni tumbinka ya yaga shi. Jira nake ka dawo awonka."

Baba Emeka ya ce a duk maƙaryatan telolin Kano bai taɓa ganin wanda ƙaryarsa ta zama gaskiya ba sai shi. Na ɗora masa hular Ɗanjuma, fasinjoji suka hau tafi ta tagogi. Direba ya sake danna hon, ya ce don Allah wani ya duba babur ɗin nan. Baba Emeka ya ce a bar shi da ita, ba wanda ya san ta kamarsa. Ya sunkuya a cikin sabon kaftaninsa, na ga idonsa ya sauka a kan mariƙin mai, ya ɗago ya dubi Kaka. Sai ya miƙe ya gaya wa direba cewa matsalar babba ce, sai ta ɗan huce.

A cikin hucewar aka loda taliya da kilishi, aka isar da saƙon Alhaji Bala da na Iya Rashida. Zakara ne yaran mota suka ƙi, suka ce ba za su kwana da shi a hanya ba. Baba Emeka ya sa aka sauko da wani gwangwanin fenti daga ƙarƙashin kujerarsa, ya ajiye a dandamalin Kande. Cike yake da fulogai da wayoyin birki da ƙananan kusoshi, abin da ya rage a shagon na irinta. Ya ce tun safe yake riƙe da shi, har ya yanke shawarar tafiya da shi don haushi. Ya ce zai ishe ta har ta binne su duka biyun.

Suka riƙe hannun juna. Kaka ya juya bakin hannun kaftanin ya duba ɗinkin ciki kamar yadda yake yi wa kowa. Baba Emeka ya ce masa, to faɗi mana, Allah ya shiryi wanda ya ɗinka. Sannan ya sunkuya da kansa ya buɗe man, ya kwantar da Kande, ya ɗago ta, ya ce Kaka ya buga. A bugu na biyu ta tashi.

Muka matsa gefe, Kaka ya kashe inji. Motar ta fita a hankali, hannu mai ruwan toka yana ɗagowa ta taga har suka sha kwana. Kaka ya share ido da bakin rigarsa ya ce hayaƙin Kande ya yi yawa yau, sai ya rage mata baƙin mai. A kashe take, amma na ce masa haka ne.

Komawa gida

Na ɗauka daga nan sai gida. Muna isa wajen mai lemo Kaka ya taka birki ya kashe inji. Ya ce ai na gaya wa mutane sai mun dawo, ga shi mun dawo, kuma gidanmu ba a saɓa alkawari. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda bai sani ba, yanzu ya san su. Ko'ina sai ya nuna ni ya ce wannan ce mai gaisuwar, ni kuwa muryar ta riga ta koma inda ta fito. Magariba a Bata muka yi ta, ana kiran isha muka shiga layinmu. Abba yana zaune a ƙofar gida, ya miƙe ya yi mana sannu da hanya, ya tambayi yadda muka baro mutanen can.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Iya Rashida da ƙosai, da Alhaji Bala da masauki, da ma'aikacin da ya tare mana motoci, da Kande da ba ta tona mana asiri ba. Washegari Emeka ya bugo waya ya ce sun sauka lafiya, kuma Baba ya ƙi cire kaftanin, da shi ya tafi coci. Ya tambayi zakaran da aka ce Iya Rashida ta bayar. Yana nan a tsakar gidanmu, a kan kujerar Kande yake kwana. Kaka ya karɓi wayar ya ce a gaya wa Baba Emeka kada ya damu, zai aika masa da shi gobe.